Ranar Da Na'urar Jami'a Ta Ce Na Mutu

Sallama gare ku masu bibiyata, har da ku da kuka faɗo yau ba ku san mafari ba. Wasunku sun cika min akwatin saƙo, wai ina labarin Abdulhafiz, ko an sa rana ne na ɓoye muku don rowa. Ba a sa komai ba. Hannuna ne ya kasa riƙe waya kwana da kwanaki, yau ma da ƙyar nake wannan rubutu. In kun ga ina kewaye-kewaye ku yi min uzuri.

Ranar Litinin da hantsi na'urar jami'armu ta sanar da ni cewa na mutu.

Ina zaune ne a tsakar gidanmu na Malanville, ƙarƙashin dogon yaro, da tsohon zanena na atamfa mai ruwan ganye wanda wanki ya cinye wa launi. Inna tana gefe tana soya kifin da aka kawo mata daga bakin kogi, hayaƙin mai yana shigar min ido. Na buɗe sabon shafin jami'a a wayata don in nemi takardar lisans ɗina, wato digirina. Na gama karatu tun bara, takardar kawai nake jira, kuma ba don ado ba: za a rufe karɓar dosiye, wato takardun neman shiga jarrabawar ɗaukar malaman sakandare, a ƙarshen watan nan, in babu ita ko ƙofa ba za a bar ni in leƙa ba. Na sa lambar takardar haihuwata, na danna. Abin ya yi ta juyi, ya yi ta juyi, sai wani jan akwati ya fito da rubutun Faransanci layi biyu. Mai wannan takardar haihuwa ta rasu. An dakatar da dosiye.

Da wata ce a cikinku da dariya za ta yi, ta ɗauki hoton allon ta watsa wa ƙawaye. Ni kuwa ban yi dariya ba, domin na san na'urar ba ta yi ƙarya ba.

Bari in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, har Abdulhafiz. Sunan da aka raɗa min Samiha. Zuhura, sunan da ke kan kowace takarda tawa tun daga aji ɗaya har jami'a, na yayata ne. Ta girme ni da shekara ɗaya da rabi, ta rasu tana da shekara uku, ban ma san kamanninta ba. Ita a asibiti aka haife ta, tana da takarda. Ni a ɗakin kakata na faɗo duniya lokacin damina, ba wanda ya je ya rubuta ni a ko'ina. Da na isa shiga makaranta aka ce sai da takardar haihuwa, sai Baba ya buɗe adaka ya ɗauko tata. Tun ranar nake Samiha a gida, Zuhura a makaranta. Inna ba ta taɓa kirana da sunan ba ko da wasa, ko katin sakamakona na kawo mata sai ta kife shi kafin ta sa min albarka.

Shekara goma sha shida abin yana tafiya lami lafiya, saboda tsohon tsarin jami'armu mai kawaici ne. Wanda ya yi karatu can kafin bana ya san ofishin Baba Latifu, tsohon magatakardan da ke rajistar ɗalibai. Kwamfuta ɗaya gare shi, mai ƙaton ƙeya, wadda yake lulluɓe wa da tawul in zai tashi. Sai ta yi tari kafin ta kama. Abin da ka miƙa masa shi zai buga da yatsa biyu, ba ta tambayar kowa komai, ba ta san wata na'ura a duniya ba bayan kanta. Bayansa kwalaye ne har rufi, gara ta ci rabinsu. Mun zagi ofishin nan, Allah ya yafe mana. Ka yi layi tun safe a ce wuta ta ɗauke, ka dawo gobe a ce makinka ya ɓata, ka dawo jibi a ce Baba Latifu ya tafi jana'iza da makulli a aljihu.

Da aka ce za a kawo sabon tsari, wanda komai a waya za a yi, wanda zai haɗa jami'a da rajistar ƙasa baki ɗaya, har tafi na yi. Ni da bakina na ce Allah ya raka taki gona. Ashe wuƙar da za ta yanka ni nake wasawa.

A wurin bayanin sabon tsarin ma na haɗu da Abdulhafiz. Yana cikin matasan da aka ɗauka su kwashe sunayenmu daga tsohuwar na'ura su zuba a sabuwa. Iyayensa 'yan Guéné ne, nan kusa da mu, amma a kudu ya tashi. Dogo, siriri, kullum da rigar shadda mai gajeren hannu da biro biyu a aljihu, in yana magana kan aikinsa sai ka rantse wa'azi yake. Shi ya yarda da abin nan har zuciyarsa. Yakan ce min, "Zuhura, daga yau ba ɗiyan talaka da za a ɓatar ma da maki. Mashin bai san ɗan wane ba." Ni kuma in yi ta gyaɗa kai ina kallon bakinsa. Mun yi da shi cewa ina karɓar takardata zai turo manyansa. Na tsara a raina in lokacin ya zo in ce masa Samiha sunan gida ne, ai kowa yana da na gida da na makaranta.

Ko minti goma ba a yi da fitowar jan akwatin ba sai ga saƙonsa.

"Zuhurata, na ga dosiyenki ya yi ja. Kar ki damu ko kaɗan."

"Kuskure na. An kwahe tsohon littahin meri, ohishin magajin garin Malanville, cikin rajista, wani ya rubuta rasuwa gehen shahinki. Muna ganin irinsa."

"Wai ke kin mutu! To wa ni ka yi ma waya kullum, aljana?"

Ya jera fuskokin dariya guda uku. Na zuba musu ido har allon ya mutu. Na rubuta "Akwai maganar da nake so mu yi," na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Daga ƙarshe abin da na tura masa shi ne, "To, Allah ya sa a dace." Ku zage ni, na cancanta.

Na zura hijabi a kan zanen nan nawa, ban ko shafa mai ba, na tare kabu-kabu zuwa kasuwa. Babana, Alhaji Maigandi, dillalin albasa ne. Tun da aka rufe gadar iyaka da ke tsakaninmu da Gaya kasuwarsa ta yi sanyi, yawanci zaune za ka same shi a kan buzu tsakanin buhuna, da carbi a hannu, yana kallon masu ɗaukar kaya zuwa bakin ruwa. Na durƙusa na gaishe shi. Warin albasar da ta fara ruɓewa ya cika rumfar.

"Baba, mashin na jami'a ya ce Zuhura ta mutu."

Carbin ya tsaya. Ya dubi hagu, ya dubi dama, sannan ya dube ni.

"To ƙarya yay yi?"

"Baba, sun riƙe takardata. Karatuna duka hwa, tun daga lakwal, aji ɗaya."

"Rage murya, kasuwa muke. Wa yak kai ki ga sabon mashin? Wancan tsohon mi yay yi muku da kunka matsa sai an canza shi?"

Na ce ba ni na canza ba, kuma an ce ranar Juma'a za a kashe tsohon gaba ɗaya. Na ce ina ganin gara mu je mu faɗi gaskiya tun da wuri, wataƙila a tausaya. Nan fuskarsa ta canja.

"Mu hwaɗi gaskiya ga wa? Su kira jandarma su tasa ni gaba da hurhurata, a ce Maigandi ya yi takardar ƙarya? Ke ba ki tuna ba, ni ina tune. Ke ce kika yi kwana ukku kina birgima ƙasa sai kin bi yara lakwal. Takardar haihuwa ta kotu sai an tahi Kandi, sai shaidu biyu, sai wata ukku ana kai da komowa, ga damana ta kama. Ga kuma takarda kwance cikin adaka, mai ita ba ta da sauran bukata tata. Rabin garin ga haka sunka yi. Don ki yi karatu niy yi, Samiha, ba don in cuce ki ba."

"Na sani, Baba. Amma yanzu ƙaƙa za ni yi?"

"Ki haƙura. Ilimin na cikin kanki, ba su ƙwace shi ba. Ki zo ki riƙa min rumhwa."

Wallahi a lokacin da ƙasa za ta tsage da na shige. Na so in yi masa ihu, in ce shekara uku ina cin garin rogo da ruwa a ɗakin haya don in zo in zauna cikin ruɓaɓɓiyar albasa? Amma na dube shi, na ga tsoro ne fal a idon mutumin da ban taɓa ganin ya ji tsoron komai ba. Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, na rasa wanda zan ɗauka. Na tashi na tafi ko sallama ban yi ba.

Wata za ta ce, to ki nemi katin ƙasa da sunan Zuhura mana tun da. Nan ma an riga an rufe. Shekarar da aka zo ɗaukar hoto da zanen yatsu na ƙasa baki ɗaya ina gida hutu, Baba yana Gaya, Inna ce ta kai ni layi. Wanda ba shi da takarda a hannu shaidar iyaye ta ishe shi. Da ma'aikacin ya ɗaga kai ya ce sunan yarinya, ina tsaye ina ƙifta mata ido, Inna ta ce, "Samiha." Bakinta ba zai iya faɗin ɗayan ba. Yanzu ga yadda nake: yatsuna da fuskata na Samiha ne wadda ba ta taɓa shiga aji ba, karatuna kuma na Zuhura ne wadda take cikin ƙasa. Gaba kura, baya siyaki.

Talata Abdulhafiz ya kira sau shida ban ɗauka ba. Na tura masa saƙo na ce zazzaɓi nake. Laraba da safe ya turo saƙon murya, na shige zaure na kara a kunne.

"Na yi magana da shef, shugabanmu na aiki. Ya ce duk dosiyen da yay yi ja, in ba a gyara ba kahin a kashe tsohon tsari ran Juma'a, kwamiti za a miƙa ma, su kuma sai su tura kotu. Amma akwai hanya mai sauƙi. Takarda guda ce, uwa ta sa yatsa ta shaida ɗiyarta na raye, a buga hatimin meri, shi ke nan. Na turo miki hotonta. Ki nuna ma Inna."

Na daɗe a zauren ina kallon hoton takardar. Layi huɗu ne kacal da wani ɗan akwati na dangwala yatsa. Shaiɗan ya zauna min a kunne ya ce, Inna ba ta karatu, ki ce mata takardar neman aiki ce. Na yi a'uziyya. Ya dawo. Ba zan yi muku ƙarya ba, sai da na yi nisa da shawararsa kafin kunya ta kama ni.

Na same ta a bakin ɗakinta da faifai a cinya tana tsince tsakuwa daga shinkafa. Inna Hadijatu mace ce marar yawan magana, in ta yi fushi ma sai dai ta koma yaren Dandanci ta yi ƙasa-ƙasa ita kaɗai. Na zauna kusa da ƙafarta na ja faifan muna tsincewa tare. Na faɗa mata komai, tun daga jan akwati har takardar. Ba ta katse ni ba. Hannunta bai daina aiki ba.

"Yatsa kawai za ki sa, Inna. Ba wanda za ya tambaye ki komi."

"Mi takardar tac ce?"

Na ci gaba da tsince shinkafar.

"Karanta min, Samiha. Da Hausa."

Na karanta. Ni, uwar Zuhura Maigandi, na shaida ɗiyata tana raye, kuma ita ce wadda take tsaye gabana.

Ta ajiye faifan a hankali. "Ni na riƙe ta hal ta cika. Ni na kai ruwan wankanta. Ran da ubanki yaɗ ɗauki takardarta ban ce komi ba, don ba a tambaye ni ba. Yau kuma ni za a tambaya?"

"Inna, rayuwata ce."

"Na sani, ɗiyata."

"To ki taimake ni!"

Ta dube ni, idonta ya kaɗa amma ko ɗigo bai zubo ba. Ta ce, "In na ce tana raye, wa ni ka yi ma addu'a kullum in na sallame?" Ta ɗauki faifanta ta shige ɗaki.

Na zauna a wurin na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ina yarinya, har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta tambaya ko rasuwa aka yi. Kishin matacciya ya kama ni, ku ji fa. Yarinyar da ban sani ba, na ɗauki sunanta na kai shi har jami'a, na sa an kira shi gaban jama'a ana tafi, amma ranar da aka ce Inna ta zaɓa, ita ta zaɓa. Na san ba daidai nake tunani ba. Haka dai na ji, kuma har yanzu da nake rubutun nan bai gama sakina ba.

Alhamis na tashi da niyyar in kira Abdulhafiz in faɗa masa gaskiya, abin da zai faru ya faru. Wayarsa a kashe tun safe. Na tura saƙo, alama ɗaya. Na yi wanka na sa doguwar rigata baƙa mai ɗinkin zare ruwan toka a wuya, na ɗaura ɗankwali, na zauna da waya a cinya ina jira. Azahar ta wuce. Bayan la'asar na ji kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida, sai sallama, da muryar da ko cikin barci na ji ta zan gane.

Kafin in sami takalmina Inna ta riga ta amsa, ta ce a shigo, a zatonta mai kawo kifi ne.

Ya shigo da shaddarsa ruwan sararin sama duk ta yamutse da zaman mota, jaka a kafaɗa, leda cike da abarba da burodi a hannu. Ya gan ni ya yi murmushi har kunne, irin na wanda ya yi abin kirki yana jiran a yaba. Ya cire takalmi ya durƙusa gaban Inna har ƙasa.

"Inna, ina wuni. Ku gahwarce ni na zo ba sanarwa. Sunana Abdulhafiz, ɗan Malam Bukari na Guéné. Tare muke da Zuhura can jami'a."

Na ga kafaɗar Inna ta motsa. Shekara ashirin ba a ambaci sunan nan a tsakar gidanmu ba.

"Abdulhafiz," na ce, "taho mu yi magana waje."

"Yanzu, minti guda. Meri na ruhewa ƙarhe biyar." Ya riga ya zuge jaka. Ya fito da takardar, ya fito da ɗan akwatin tawada sabo fil, har ya buɗe mata shi. "Na ji jikinta ba daɗi, nic ce bari in kawo da kaina. Inna, nan za ki dangwala. Shaida ce kawai cewa Zuhura na raye. Mashin namu ne yay yi shirme, wai ta rasu."

"Don Allah ka tashi," na ce. Muryata ko ni ban ji ta ba.

Ya juyo yana dariya. "Kar ki ji komi. Ni ma na sa hannu jiya gaban shef, na rubuta na san ki, na tsaya miki da aikina. Saura na Inna kaɗai."

Na dafa dogon yaro. Ashe ba ni kaɗai zan nutse ba, har shi na jawo.

Inna ta dubi tawadar, ta dubi takardar. Sannan ta dube ni, ta daɗe, kallon da na kasa gane ko haƙuri take ba ni ko sallama take min. Na roƙe ta da ido. Na roƙe ta da duk abin da ke jikina. Hannunta na dama ya ɗago daga cinyarta, na rantse muku ya ɗago, har babban yatsanta ya kusa taɓa bakin akwatin. Sai ta mayar da shi ta rufe da na hagu.

"Ɗana," ta ce, "ka sha hanya, Allah shi biya ka. Amma mashin naku bai yi shirme ba. Zuhura na maƙabartar bayan gari, kusa ga kakarta, shekara ashirin da ɗaya ke nan. Wagga da ka gani ƙanwarta ce."

Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba, sai da ya ɗan jira, ko wani zai ce wasa ne. Ba wanda ya ce. Ya rufe akwatin tawadar a hankali. Ya dubi takardar da ke hannunsa, wadda washegari Juma'a shef ɗinsa yake jira, sannan ya miƙe tsaye ya juyo gare ni.

Ya buɗe baki zai kira ni, na ga leɓensa ya motsa, sai ya tsaya. Bai san da wane suna zai kira ni ba.